Darasi Kan Sa Wa Tsohuwar Mota Sabuwar Rigar Kujera

Ya ku 'yan kasuwa da dillalan Kafin Hausa, muna jan hankalinku: riga ba ta tayar da kujerar da ta mutu.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Doguwar tana da sahun kujeru 3, kowane da awonsa, rigar kanti ba ta cika zama daidai ba. Gara mai ɗinkin kujeru ya auna.

Da farko a kwance kujera, a tuɓe tsohuwar riga. Na biyu a duba ciki: soso in ya ruɓe a sake, ƙarfe in ya karye sai walda. Na uku a ɗan shanya leda a rana ta yi laushi, a zura daga sama, a ja ƙasa, a ɗaure tamau, a bar kafar bel. Leda tana ƙuna da bazara, yadi kuwa shan ƙura gare shi.

Dillali, kada ka lulluɓe ruɓaɓɓen soso ka sayar, algus ne. Mai saye, danna kujera da hannu kafin ka taya. Wassalamu.