Hawan Jini Yayin Maganin Ciwon Daji

Wanda ake yi wa maganin ciwon daji yana bukatar lura da jininsa, domin wasu magungunan kan jawo hawan jini ko da mutum bai taɓa fama da shi ba.

Yadda abin ke faruwa

Ƙarin daji ba ya girma sai ya tsiro wa kansa sababbin hanyoyin jini. Magunguna irin su sorafenib, da ake bayarwa don dajin hanta, da sunitinib na dajin ƙoda, da bebasizumab, suna hana wannan tsiro. Sai dai suna sa sauran jijiyoyin jiki su tsuke, jini ya hau, wani lokaci cikin makonnin farko. Deksametazon kuwa yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa, sisfilatin kuma yana iya taɓa ƙoda.

Awo

Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama, don haka awo ne kaɗai ke tona shi. A auna kafin fara magani, sannan aƙalla sau ɗaya a mako a farkonsa, bayan an zauna an huta minti 5. Idan awon ya yawaita kaiwa 140/90, a sanar da likita. A Nijar akan faɗi wannan awo da 14/9. Duk abu ɗaya ne. Mai ƙetare iyaka neman magani ya riƙe littafin awonsa da sunayen magungunansa, ya nuna a kowane asibiti.

Kulawa

Kada majiyyaci ya dakatar da maganin daji da kansa. Likita na iya ƙara masa maganin hawan jini, kamar amlodifin ko losatan, ko ya rage ƙarfin na dajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A rage dunƙule da kanwa a girki, a bar taba. A guji ibufurofen da dikulofenak da jiƙe-jiƙe sai da izinin likita.

Alamun haɗari

Idan awo ya kai 180/120, ko aka ji matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko harshe ya yi nauyi, ko ɓarin jiki ya mutu, a garzaya asibiti nan take, kada a jira wayewar gari.