Jiran Sabuwar GT3 RS ko Sayen Tsohuwa: Abin da Ya Kamata Ka Auna

Tun da kamfanin Porsche ya sabunta motarsa 911 GT3 a watan Oktoba na 2024, hankalin masu sha'awar motocin tsere ya koma kan wadda za ta biyo bayanta, mai laƙabin RS. Haka kamfanin ya saba yi. GT3 ta fito a 2013, RS ta biyo a 2015. Wata ta fito a 2017, RS ta biyo a 2018. Ta 2021 ma ba ta daɗe ba tata RS ta bayyana a 2022. Da zarar an ɗauki hoton motar gwaji a lulluɓe tana zagaya filin Nürburgring na Jamus, sai jita-jita ta cika intanet, wannan ya ce za a sa mata turbo, wancan ya ce za a haɗa mata da lantarki. Mai kuɗi a hannu kuwa sai ya rasa inda zai sa kansa: ya ba da kafin alƙalami ya shiga layi, ko ya nemi ta baya tun farashinta bai tashi ba?

Shawarata ta farko ita ce ka daina yanke hukunci da lokacin zagaye. Shi ne abin da aka fi yaɗawa, kuma shi ne ya fi ruɗin mutane.

Bari mu dubi lissafin. GT3 RS 4.0 ta 2011, wadda aka ƙera guda 600 kacal, tana da ƙarfin doki 500, kuma ta zagaya hanyar arewa ta Nürburgring, wato Nordschleife, cikin minti 7 da daƙiƙa 27. Ta 2018 tana da doki 520, direba Kévin Estre ya yi minti 6 da daƙiƙa 56.4 da ita. Ta 2022 tana da doki 525, Jörg Bergmeister ya yi minti 6 da daƙiƙa 49.3. Akwai abin da yawancin masu kwatance ba sa lura da shi a nan. A da, ana auna zagayen ne a kan kilomita 20.6, ana barin wani ɗan guntu na wajen farawa. Daga 2019 aka koma auna cikakken zagaye na kilomita 20.8. Idan aka auna ta 2022 da tsohon ma'auni, lokacinta minti 6 ne da daƙiƙa 44.8. Ke nan tazarar da ke tsakaninta da ta 2018 ta haura daƙiƙa 11, ba 7 ba. Duk wanda ya jera maka lambobi bai faɗi tsawon da aka auna ba, kada ka kafa hujja da su.

To, ƙarin doki 25 cikin shekara 11, daga ta 2011 zuwa ta 2022, ba zai rage daƙiƙa arba'in ba, ballantana ma motar ƙara nauyi ta yi, daga kilo 1,360 zuwa 1,450. Saurin daga iska da taya ya fito. RS ta 2022 tana da ƙaton fiffike a baya wanda ya ɗara rufinta tsawo, da wasu ƙananan fikafikai masu motsi a ƙarƙashin gabanta. Aikinsu kishiyar na jirgin sama ne, wato su sa iska ta danne motar a kan kwalta. A gudun kilomita 200 a sa'a, dannawar ta kai kilo 409, a 285 kuma ta kai kilo 860. Wannan nauyin na iska ne yake ba direba damar shiga kwana da gudun da zai jefar da tsohuwar mota waje, ya kuma jinkirta taka birki. Sai taya. An kafa lokacin RS ta 2022 ne da Michelin Pilot Sport Cup 2 R, taya mai taushin roba wadda ke kama busasshiyar kwalta sosai idan ta ɗauki zafi, amma take saurin cinyewa, kuma ba ta da aminci cikin ruwa.

Abin da ya shafe ka shi ne, dannawar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ragu da rabi, ita sai ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. A kilomita 100 a sa'a, abin da ya rage daga kilo 409 bai wuce kilo ɗari da 'yan kai ba. A kan titin gari, fiffiken da ka biya maƙudan kuɗi dominsa kusan ado ne. Ko a filin tsere ma, sai direban da ya horu har zuciyarsa ta yarda ya bar ƙafarsa kan totur a kwana mai gudu ne zai ci moriyarsa. Bergmeister da Estre sun ci gasar Le Mans a ajinsu. Daƙiƙun nan a hannun irinsu suke.

Kuma an biya diyyar saurin. Don a sarrafa iska, an haɗe lagireto uku na gaba zuwa babba guda ɗaya a tsakiya, shi kuma ya cinye but ɗin gaba gaba ɗaya, babu wurin ajiye ko jaka. Ƙarshen gudun motar ya sauko zuwa kilomita 296 a sa'a, alhali ta 2018 tana kai 312. Giyar hannu kuwa rabon RS da ita tun ta 2011. Duk waɗanda suka biyo baya da giyar PDK mai kuloci biyu suke zuwa, wadda ke canza giya cikin ƙiftawar ido. Ban ga laifin wannan ba, don an ƙera RS ne saboda agogo. Amma wanda daɗin tuƙi a wurinsa shi ne taka kuloci da jefa giya da hannunsa, ya sani cewa sabuwar RS ba ta nufi wajensa ba.

Me za a sa rai daga mai zuwa? GT3 ta 2024 ta ba da haske. Ƙarfinta ya tsaya a doki 510 kamar na wadda ta gada, ƙarfin juyin injin ma raguwa ya yi daga 470 zuwa 450 a ma'aunin Nm, saboda an ƙara mata matatun hayaƙi don cika dokokin Tarayyar Turai. Injiniyoyin suka rama ta hanyar gajarta giya da kashi 8 cikin ɗari. A shekarar ce kuma 911 GTS ta koma turbo mai aiki da lantarki. Abin da na fahimta daga nan shi ne, injin nan mai silinda shida da lita 4, wanda ke shaƙar iska da kansa yana juyi har 9,000 a minti, ya kusa kai maƙurarsa a ƙarƙashin dokokin da ake da su. Hanya biyu ce ta rage wa sashen ƙera GT3 da RS, wanda Andreas Preuninger ke jagoranta: ko a bar injin yadda yake a ƙara matso sauri daga iska da shokazoba da taya, ko a canza halin injin baki ɗaya. Idan ta farko aka bi, bambancin da direba irinmu zai ji kaɗan ne. Idan ta biyu ce, motar za ta fi sauri amma kukanta da yadda take amsa totur za su sauya, kuma waɗannan biyun ne suka sa mutane da yawa suka kamu da son GT3 tun farko.

Tsoron wannan sauyin ne dillalai ke amfani da shi. Za a ce maka wannan ce ta ƙarshe, ka saya yanzu ko ka yi da-na-sani. An taɓa yin haka. Lokacin da GT3 ta 2013 ta zo babu giyar hannu, sai kamfanin ya fitar da 911 R a 2016, guda 991, da giyar hannu da doki 500. Mutane suka ɗauka an rufe ƙofa ke nan, farashinta a hannun masu sake sayarwa ya yi ninkin-ba-ninkin. Shekara ɗaya bayan haka giyar hannu ta dawo cikin GT3, aka kuma ƙara samfurin Touring marar babban fiffike, wanda ya yi kama da R ƙwarai. Farashin R ya sauko, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Don haka kada ka biya ko sisi a kan farashin kamfani saboda gurbi a layi. Kafin alƙalami kuma kada ka ba kowa sai dilan da kamfanin ya amince da shi, a rubuce, da sharaɗin mayar maka da kuɗinka idan ba a ba ka gurbi ba ko motar ta zo da abin da ba ka so.

Akwai dalili na biyu na yin haƙuri. A farkon 2014, bayan GT3 biyu sun kama da wuta, kamfanin ya dakatar da duk guda 785 da ya riga ya raba, ya canza musu injin, saboda wani noti na sandar fistan da ke kwancewa. Daga baya ya tsawaita garantin injin wannan samfurin zuwa shekara goma saboda wata matsala ta daban a ɓangaren bawul. Kamfanin ya ɗauki nauyin gyaran, wannan abin yabo ne, amma masu motocin sun yi watanni ba su tuƙa ba. Sabon injin ko sabuwar fasaha, a bar ta ta yi shekara a hannun jama'a tukuna.

Idan ka karkata ga tsohuwa, to da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an ɗanɗana. Samfurin 997, wato na 2006 zuwa 2011, yana da injin da ake kira Mezger, da sunan injiniya Hans Mezger, wanda asalinsa daga motocin tseren Le Mans ne. Sitiyarinsa na haidirolik ne, yana sanar da hannunka duk abin da tayar gaba ke ciki. Ba ya yafe kuskure kamar sababbi, kuma wannan ne ya sa yake koyar da tuƙi. Ta 2018, a ganina, ita ce tsaka-tsaki mafi dacewa ga wanda zai tuƙa zuwa fili, ya yi zagayensa, ya tuƙo gida: tana da but, saurinta ya fi ƙarfin yawancin direbobi, kuma an daɗe da sanin halinta. Kowacce ka zaɓa, ka kai ta wurin makaniken da ya san Porsche ya bincika kafin ka biya. Ka nemi ya karanta kwamfutar injin, domin tana ajiye tarihin duk lokacin da injin ya yi juyi fiye da ƙima, abin da ke faruwa idan mai giyar hannu ya jefa ƙaramar giya bisa kuskure yana cikin gudu. A duba kaurin fenti don gano inda aka yi gyaran haɗari. A auna faifan birki, musamman na siramik, don kuɗin canza su kaɗai zai sayi ƙaramar mota. Motar da ta sha fili amma aka riƙa canza mata baƙin mai da man birki a kan lokaci, da takardun shaida, ta fi wadda aka kulle a gareji shekara da shekaru. Idan daga baya ka ji kana buƙatar ƙarin sauri, kamfanin Manthey da ke kusa da Nürburgring, wanda Porsche ke da rinjayen hannun jari a cikinsa, yana sayar da kayan iska da shokazoba na wasu samfuran baya.

Wanda bai taɓa shiga filin tsere ba, ya fara da horo kafin mota. Porsche na da cibiyoyin koyarwa a Leipzig da Hockenheim da Silverstone, inda za ka zauna kusa da malami. Mota kamar 718 Cayman GT4 mai doki 420 za ta koya maka fiye da yadda RS za ta yi, da kuɗin da bai kai nata ba. Ka kuma tambayi kamfanin inshorarka tun da wuri, don yawancin inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a fili, kuma a Nürburgring wanda ya daki shingen ƙarfe shi ke biyan gyaransa.

Ga mai tunanin kawo irin wannan mota gida Najeriya ko Nijar, sai ya ƙara lissafi. An tsara injin ne don fetur mai lamba 98, wanda ba shi ake sayarwa a gidajen manmu ba. Gaban motar ya yi ƙasa ƙwarai, ko da na'urar ɗaga hanci, ramuka da tudun rage gudu za su ci leɓenta. Fitaccen fili a nahiyarmu shi ne Kyalami na Afirka ta Kudu, sai Yas Marina da Dubai Autodrome a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ga masu zuwa can. Ya fi alheri a ajiye motar kusa da filin da za a yi amfani da ita. Gwada ta a hanyar Kaduna zuwa Abuja ko cikin unguwa wasa ne da ran bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kuma babu fiffike ko birkin da zai ceci yaron da ya fito tsallaka titi.