Daga Dutsen Habude zuwa Baturiya: darasi kan yawon kallon tsuntsaye da kayan tarihi

'Yan uwa ɗalibai, mu fara da ɗan gwaji. Ajiye mujallar nan, ka lissafa sunayen tsuntsaye ashirin da Hausa, ban da kaza da agwagwa da talotalo. Da yawanmu kafin mu kai goma mun fara sosa ƙeya. Amma je ka Basirka ko Gwaram ka tambayi dattijon da ya tsufa a gona, zai jero maka su, ya faɗa maka wanda ke zuwa da damina, da wanda ke ƙwai a kogon itace. To wannan sanin da muke raina wa, shi ne jarin wata sana'a da ƙasashe ke ci da ita. Darasinmu na yau a kanta yake.

Yadda wasu ke yi

Ɗauki tsibirin Sri Lanka da ke kudu da Indiya. Girmansa bai kai ninki uku na Jihar Jigawa ba, amma a shekarar 2018 baƙi sama da miliyan biyu suka ziyarce shi. Dabararsu ita ce haɗa abu biyu a tafiya ɗaya. Da safe a kai baƙo Sigiriya, wani ƙaton dutse da Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kai a ƙarni na 5, mai zane-zane a jikinsa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Da yamma kuma a wuce da shi Minneriya, inda giwaye ke taruwa da rani a bakin wani tsohon tafki da aka gina tun ƙarni na 3. A hanya ɗan jagora na nuna masa tsuntsaye, domin tsibirin na da nau'i sama da talatin da ba a samun su ko'ina a duniya sai can.

Lura da hikimar. Mai son tarihi kaɗai yini ɗaya ya ishe shi, ya hau mota ya tafi. Mai son tsuntsu kuwa dole ya kwana, don tsuntsu da asuba ake ganinsa. Idan ya kwana zai biya masauki, ya ci abinci, ya hau babur, ya sayi tsaraba. Haɗin nan shi ke tsayar da kuɗi a gari.

Mu ba mu da teku, amma duka ɓangarorin biyu muna da su. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗinke su.

Ɓangare na farko: duwatsun Birnin Kudu

A Birnin Kudu akwai duwatsu masu ɗauke da zanen mutanen da, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu ya kuma yi rubutu a kansu a shekarun 1950, yau kuwa suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Yawancin zanen na shanu ne. In ka je, ka dubi bayan saniyar da kyau: ba ta da tozo. Shanun da muke gani yau a kasuwannin yankinmu, bunaji da rahaji, duk masu tozo ne. Marasa tozo, irin muturu, sai can kudancin ƙasar nan da tsakiyarta aka fi samun su. Ke nan dutsen na shaida mana cewa akwai zamanin da makiyayan wannan ƙasa ke kiwon wani irin shanu dabam. Kusa da zanen kuma akwai duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, har ana ganin ramukan da yawan bugu ya bari a jikinsu. Ɗan jagoran da ya iya bayyana waɗannan abubuwa biyu ya riga ya ba baƙo abin da zai je gida da shi. Wanda bai sani ba kuwa iyakarsa ya ce "ga shi nan", a ɗauki hoto a watse.

Ɓangare na biyu: tsuntsaye da lokutansu

An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da ɗari tara a Najeriya. Mai koyo ya fara raba na yankinmu gida uku.

Akwai 'yan gida, waɗanda ba sa zuwa ko'ina: kurciya, hasbiya, hankaka, cilakowa, fakara, zabon daji, ragon maza. Su ake fara koyo da su, tunda kullum suna nan.

Akwai baƙin damina, shugabarsu shamuwa. Tana isowa wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya cikin gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin tasu daminar ke kamawa. Manomi na kallonta a matsayin albishir ɗin ruwa, kuma ba ƙarya ya yi ba: fari da ƙwari take bi, su kuwa ruwa ke fito da su.

Sai baƙin hunturu. Waɗannan a Turai da Rasha suke haihuwa. In sanyi ya matso can, sai su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka nan wajen Oktoba da Nuwamba, su koma a Maris da Afrilu. Cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin fadama. Babban masaukinsu shi ne fadamun Haɗeja da Nguru. A cikin fadamun nan ne Baturiya take, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wadda a 2008 aka sa ta cikin jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Can gaba a Jihar Yobe akwai Dagona, inda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya je kallon tsuntsaye a 1989. A fadamun za ka tarar da namu na gida ma, irin su ɗinya da ƙirinjijiya da zalɓe da balbela.

Abin da wannan rabo ke koya mana shi ne, sana'ar na da kalanda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin kai baƙo fadama: ruwa ya ja baya, hanya ta bushe, baƙin hunturu sun cika wuri. Da damina kuwa sai a tsaya kudu, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Basirka, inda duwatsu da gonaki suka yi kore, shamuwa na kan sheƙa.

Abin da muke asara

Gauraka ita ce tsuntsuwar da ake ɗauka alamar Najeriya, amma yau da wuya ka gan ta a daji. Kama ta da ake yi ana kai wa gidajen masu hali, da lalacewar fadamun da take ƙwai a ciki, su suka kusa ƙarar da ita. Ungulu ma haka. Tambayi iyayenka yadda take cika mahauta a da. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun da muka sani cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta don haɗa magani. Rashinta ba ƙaramin abu ba ne, domin ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya zama cuta.

Fadamun kansu sun canza. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke sauka Haɗeja. Inda ruwa ya daina janyewa da rani, kacala ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama maɓoyar jan baki mai cinye wa manoma hatsi. Zanen dutse shi ma yana da nasa abokan gaba: hayaƙin wuta, hannun da ke shafa shi, da ɗalibin da zai ɗauki gawayi ya rubuta sunansa da na budurwarsa a kai. Tsuntsu in an kyautata masa yana iya dawowa. Zane in ya goge, shi ke nan.

Yadda za ka fara

Ba sai kana da tabarau mai hangen nesa ba. Littafin rubutu da biro sun isa. Ka fita da sassafe bayan sallar asuba, ko bayan la'asar, ka sa kaya marasa haske, rana ta kasance a bayanka. Duk tsuntsun da ka gani ka rubuta abu biyar: girmansa in an gwada da kurciya, siffar bakinsa, launinsa, inda ka gan shi, da abin da yake yi. Ka sa kwanan wata da sunan wurin. Sannan ka nemi sunansa na Hausa wajen manoma da mafarauta da masunta, da na Fulfulde wajen makiyaya. Na Turanci da na kimiyya kuwa manhajar Merlin za ta taimaka maka a waya.

In hannunka ya faɗa, akwai inda ake buƙatar lissafinka. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye, tara a kwance. Mai sa kai zai zaɓi gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta manhajar BirdLasser. Ɗalibin da ya je hutu Basirka ya yi wannan, ya sa garinsu a taswirar da masana ke dubawa.

Sai ladubba. Kada ka shiga gonar mutum ko dajin wani gari ba tare da ka gaida mai unguwa ko dagaci ka faɗi abin da ya kawo ka ba. A wannan zamani baƙon fuska da ke leƙe-leƙe da waya a bayan gari yana iya jawo wa kansa zargi. Ku tafi ku biyu ko uku, da ɗan gari a cikinku. Kada a taɓa sheƙa, kada a ɗauki ƙwai, danƙon harbi kuma a bar shi a gida. A wurin zane a nemi ma'aikatan hukumar su raka ku.

Kowane sashe na da rabonsa a nan. Masu karanta safiyo su zana taswirar hanya, 'yan kwamfuta su tattara sunayen tsuntsaye da Hausa da Fulfulde wuri guda, 'yan kasuwanci da akanta su fitar da kuɗin tafiyar kwana biyu, daga mota har masauki. Baƙonmu na farko ba Bature ba ne. 'Yan makarantun sakandare ne, da ɗaliban Kano da Dutse da Bauchi, da iyalan da ke neman wurin zuwa a hutun sallah.

Aikin gida

A hutu mai zuwa, kowa ya dawo da sunayen tsuntsaye ashirin na garinsu, kowanne da kwanan wata da wurin da aka gan shi, da abu ɗaya da wani dattijo ya faɗa a kansa. Wanda hanyarsa ta bi ta Birnin Kudu ya sauka ya dubi bayan saniyar nan da idonsa. A miƙa wa kwamitin mujalla abin da aka samo, mu ga garin da zai fi kowa. Allah ya ba da sa'a, ya kai mu hutun lafiya.