Yadda Mota Mai Ja da Taya Huɗu Ke Aiki

Mai karatu, wataƙila ka taɓa tsayawa a Shahuci bayan an ɗauke ruwan Agusta, ka ga mota ta kafe a wani lungu: taya ɗaya na ta juyawa tana watsa taɓo, sauran ukun na tsaye cik. Injin lafiyarsa lau. Matsalar tana ga yadda ake raba ƙarfinsa.

Galibin ƙananan motoci da taya biyu suke ja. Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna da na baya take ja, yawancin Toyota Corolla kuwa da na gaba. Amma akwai masu ja da duka huɗun, kamar Audi Quattro da aka fito da ita a Jamus a 1980.

Wahalar Kwana

Malam na iya jera ɗalibai biyu riƙe da sanda ɗaya, su kewaya bishiya. Na waje dole ya ɗaga ƙafa, na ciki ya sassauta. Haka tayoyi suke a kwana: na waje sun fi na ciki tafiya, na gaba sun fi na baya. Don haka ake sa difaransha, wato taron giya mai raba ƙarfi gida biyu, ya kuma bar kowane ɓangare ya juya da saurinsa. Mota irin Quattro uku gare ta: ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya tsakiya. Daga giyabos ƙarfi ke shiga na tsakiyan, farfela ta kai wa baya rabonsa.

Sai dai difaransha na da aibi. Ƙarfi daidai wa daida yake bai wa ɓangarorin biyu, saboda haka idan taya ɗaya ta hau santsi, 'yar'uwarta ba ta samun fiye da ɗan abin da mai santsin ta riƙe. Abin da ya kafe motar Shahuci ke nan.

Magani

Wasu motocin na da faifayen ƙarfe a cikin mai na silikon mai kauri. Da zarar gaba ya fi baya sauri, man sai ya cije, ya ja faifayen tare, ƙarfi ya isa inda ƙasa ke da tauri. Na zamani da yawa kwamfuta ce ke auna saurin kowace taya, ta matse kuloci idan ta ji zamiya.

Gargaɗi

Na farko, tayoyin huɗu su zama girmansu ɗaya, cinyewarsu ɗaya. Haɗa sabuwa da tsohuwar gwanjo na sa na'urar ta ɗauka zamiya ake yi kullum, ta yi zafi ta lalace. Araha ba ta ado. Na biyu, jan taya huɗu na taimakon tashi, amma ba ya ƙara wa birki komai. A jiƙaƙƙiyar kwalta, direba ya rage gudu kamar kowa.

Tambaya ga ɗalibi: me ya sa kura mai taya biyu ba ta bukatar difaransha?