Darasin lissafin manomi: kilo nawa ke cikin rumbunka?

Hatsi ya shigo gida, kowa ya leƙa rumbunsa ya ce alhamdu lillahi. To amma in an tambaye ka wata nawa abin da ke ciki zai kai iyalinka, me za ka ce? Da yawa cikinmu da ido muke kintatawa. Mutum ya ga rumbu ya kusa cika, ya ɗebi buhu uku ya kai kasuwa lokacin da hatsi ke da arha, sa'an nan ya koma sayensa da tsada ana tsakar noma. Darasin wannan fitowa zai nuna maka yadda ake gane kilon da ke cikin rumbu da igiya da bokiti da sikeli, ba tare da an kwashe hatsin waje ba.

Abu uku za mu riƙe. Na fari nauyi, wanda ake aunawa da kilo bisa sikeli. Na biyu wurin da abu ya cika, wanda ake aunawa da litir. Na uku shi ne ke haɗa biyun: nauyin litir guda na abin. Za mu kira shi nauyin litir.

Ruwa shi ne ma'aunin sauran. Litir guda na ruwa kilo guda ne, kuma ba katari aka yi ba: da ruwa aka tsai da awon a Faransa a shekarar 1795. Saboda haka tono mai litir 200 in ya cika da ruwa, kilo 200 jakinka ke ja, ban da nauyin tonon da na amalanke. Sauran abubuwa kowane da nasa. Ga kimanin nauyin litir guda, an shafe baki:

hatsi sussukakke, busasshe: gram 800
dawa da wake: gram 750
shinkafa da ɓawonta: gram 580
gujiya ɓararra: gram 620
gujiya da kwanso: gram 300
man gujiya: gram 915
zuma: kilo 1 da gram 400
rairai busasshe: kilo 1 da rabi

Ka duba gujiya da kwanso. Buhun da ke cin kilo 100 na hatsi ba ya kai kilo 40 in an cika shi da ita, don iska ta fi yawa cikin buhun. Shi ya sa tiya ba kilo ba ce. Tiyar hatsi mai tozo takan yi wajen kilo 2 da rabi, tiya 40 su ba da buhu mai kilo 100, amma wannan lissafi na hatsi ne kaɗai, kuma tiyar wata kasuwa ta fi ta wata.

Auna naka da kanka

Lambobin nan na sama jagora ne. Hatsin bana ba na bara ba ne, na jigawa da ruwa ya yanke masa bai yi ido kamar wanda ya ƙoshi ba. Ka nemi bokiti, ka auna shi babu komai ciki, ka rubuta. Ka cika shi da ruwa har baki, ka sake aunawa, ka fid da nauyin bokitin. In ruwan ya yi kilo 10, bokitinka litir 10 ne. Ka zubar, ka shanya, ka zuba hatsi. Kada ka danna, kada ka girgiza. Ka shafe baki da kara, ka auna, ka fid da nauyin bokiti. A ce ka samu kilo 8. Sai ka raba 8 gida 10: litir guda kilo 0,8 ke nan, wato gram 800. Ka yi sau uku, ka ɗauki na tsakiya. Bokiti ya fi gwangwani ƙarami, don sikelin kasuwa ba ya kama ƴan gram. In babu sikeli a garinku, akwai a magazan ɗin koperatib ko wajen malamin gona.

Wannan awo kansa yana faɗa maka lafiyar kaya. In litir ɗin hatsi ya faɗo gram 650, akwai ƙaiƙayi da yawa, ko bai yi ido ba, ko ƙwari sun cinye cikinsa. Waken da ya huje haka yake: tiya cike, nauyi babu. In kuwa ya zarce gram 900, ka sa hannu har gindin buhu, mai yiwuwa an haɗa da rairai. Masu saye wa bankin hatsi na gari, ku kula da wannan, kuɗin jama'a ne a hannunku.

Litir nawa ke cikin rumbu

Metir guda a tsawo, metir guda a faɗi, metir guda a zurfi, shi ne litir 1 000, daidai da tono 5. In ma'ajin mai kusurwa huɗu ne, lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfin hatsi, abin da ya fito ka ninka da 1 000.

Rumbu kuwa kewayayye ne, nasa lissafin ya ɗan bambanta: faɗi sau faɗi, sau zurfin hatsi, sau 0,785. Wannan lamba ta ƙarshe ba ta sakewa. Dalilinta shi ne, in ka zana da'ira cikin fili mai kusurwa huɗu, da'irar ba ta cinye kusurwoyin ba, kashi 785 cikin 1 000 take rufewa. Faɗin ciki ake so. In daga waje ka auna, ka fid da kaurin bango sau biyu, na dama da na hagu. Zurfi kuma, ka baje saman hatsin ya daidaita, ka soka sanda har ƙasa, ka auna inda hatsi ya tsaya.

Ga misali. Rumbun ƙasa mai faɗin metir 1,5, hatsi ya kai zurfin metir 1,2.

1,5 sau 1,5 = 2,25
2,25 sau 1,2 = 2,7
2,7 sau 0,785 = 2,12

Wato litir 2 120. Yanzu sai ka ninka da nauyin litir: 2 120 sau 0,8 = kilo 1 696. Buhu 17 ke nan saura kaɗan, ko tiya 678.

Da a ce hatsin nan maras ido ne, litir ɗinsa gram 700, rumbun nan dai, cikar nan dai, kilo 1 484 zai bayar. Fiye da buhu biyu sun tafi, ido kuwa ba zai gani ba. Don haka muka ce ka auna naka.

Manyan rumbunan ƙasa irin na Adar masu tumbi ne, gindi da baki sun tsuke, tsakiya ta buɗe. Nan sai ka auna faɗi wuri uku, ƙasa da tsakiya da daidai saman hatsi, ka haɗa, ka raba uku. Ba zai fito cif ba, amma ya fi kintace nesa.

To, wanda ke ajiye hatsinsa da zangarniya fa, kamar yadda aka fi yi a rumbun kara? Kada ya yi aiki da 0,8, zai ruɗi kansa ƙwarai, don rabin rumbun iska ne da totuwa. Shi sai ya ƙirga dammunan da ya zuba. Ya ɗauki uku, babba da matsakaici da ƙarami, a sussuka, a sheƙe, a auna. In sun ba da tiya 7 da 6 da 5, damin gidansa tiya 6 ne, kilo 15. Dami 80 su zama kilo 1 200.

Kwana nawa zai kai

Nan ne amfanin wahalar duka. Mu koma ga rumbu mai tiya 678. Ka tambayi uwargida tiya nawa ake ɗiba kullum, na tuwo da na fura, ita ta fi ka sani. A ce 3. Ka raba 678 gida 3, kwana 226. In an buɗe rumbu ran 1 ga Nuwamba, zai ƙare tsakiyar Yuni, daidai lokacin shuka da noman fari, sa'ad da jiki ya fi bukatar abinci. Daga nan zuwa sabon hatsi a ƙarshen Satumba akwai kwana 100 da ƴan kai, wajen buhu 8 ke nan da babu su. Ba mu ma fid da iri ba, ba mu fid da zakka ba, ba mu sa baƙi da suna ba. In mai gidan nan ya sai da buhu 3 da kaka, tiya 120 ne, cin kwana 40: rumbu zai ƙare tun farkon Mayu. Wanda ya san haka tun Nuwamba yana da wata shida na shiri. Yana iya sai da wake ko ɗan akuya maimakon hatsi, ya yi noman rani, ko ya sayi cikon tun farashi na ƙasa.

Lissafin yana juyawa kuma. In ka san kilo kana neman wuri, rabawa za ka yi. Koperatib na son ajiye tan 5 na hatsi: 5 000 a raba da 0,8, litir 6 250. Mai son rufe wake cikin tono don ƙwari su rasa iska su mutu, tono mai litir 200 zai ci 200 sau 0,75, kilo 150, bido mai litir 20 kuma kilo 15. Ka san wannan tun kafin ka zuba, don maganin yana ga cika mazubin har wuya a toshe. Tonon da aka bari rabi ya bar wa ƙwari iskar shaƙa.

Mata masu matsar man gujiya, ku ma da naku. Bidon mai na litir 20 ba kilo 20 ba ne, kilo 18 ne da gram 300. In mai saye ya ce zai biya ku kuɗin litir amma bisa sikeli zai ƙirga, kowane bido kun yi asarar fiye da litir ɗaya da rabi.

Ga aikin da za ku yi tare a wajen taron sauraro. Rumbu mai faɗin metir 2, dawa ta kai zurfin metir 1. Bokiti mai litir 10 ya ci kilo 7 da rabi na dawar. Gidan na cin kilo 10 kullum. Litir nawa ke cikin rumbun, kilo nawa, kwana nawa zai kai su? Amsa tana zuwa a fitowa ta gaba.