Ina Ruwan Kogin Yobe Yake Maƙalewa?

Wani mai sauraronmu daga Gashuwa ya tambaya: me ya sa ruwan Kogin Yobe ya ragu, kuma nawa haƙa rijiyar burtsatse a gida zai ci?

To malam, Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke haɗuwa su ba ku ruwa, ya gangara ta iyakar Nijar zuwa Tafkin Chadi. A jihar Kano an tare ruwan Haɗeja da madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha. Ambaliyar damina da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Ruwan da ake saki rani da damina kuma ya raya ciyawar kacala, ta toshe hanyoyin ruwa, sai wani gari ya nutse, maƙwabcinsa na kukan fari. Shi ya sa da an ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are a Bauchi, sai mutanen Yobe da Borno su ce ba su yarda ba, don Jama'are ne ya rage musu. Kuma suna da hujja.

Batun burtsatse kuwa, zurfi da irin ƙasa ne ke yanke farashi. A Kano dutse ake fasawa. Wajenku yashi ne da laka, sai an zura bututu mai kauri kada ramin ya rufta. Ka lissafa da famfo, tanki, da sola ko janareta. A yi awon ƙasa tukuna, kuma a nisanta ramin da shadda.