Ƙwayoyin Cutar Fitsari Suna Iya Shiga Jini?

Tambaya: Likita, an gwada fitsarin mahaifinmu a Sabon Birni aka ce akwai ƙwayoyin cuta, yanzu ga zazzaɓi da makyarkyata. Shin cutar tana iya shiga jini? Daga wata 'yar'uwa a Isa.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. E, tana iya shiga. Ƙwayar E. coli, wadda ke zaune a hanji, ita ce ta fi haddasa ciwon mafitsara. Idan aka yi sakaci sai ta haura zuwa ƙoda, daga nan ta kutsa cikin jini. Haɗarin ya fi yawa ga dattijo mai kumburin prostat, da mai ciwon suga, da mai juna biyu, da wanda aka sa wa robar fitsari. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: ganin ƙwayar Staphylococcus aureus a fitsari kan nuna cewa daga jini ta gangaro.

Alamun haɗari su ne ciwon kwiɓi, amai, saurin numfashi, ruɗewa da raguwar fitsari. Kada a ɗauka duk zazzaɓi na cizon sauro ne. Ku kai shi Babban Asibitin Isa ko na Sabon Birni yau ɗin nan. A ɗauki fitsari da jini kafin a fara magani. In abin ya tsananta, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Ku guji sayen kafso a kemis babu umarnin likita, domin yana sa ƙwayoyin su daina jin magani.